Me Shamuwa ke Ci Idan Babu Fara?

Daga tsakiyar Satumba zuwa farkon Oktoba hankalin manomin Damargu ba ya kwanciya. Hatsi ya fid da kai, ido ya fara ɗaukar madara, damina na shirin sallama, ciyawar makiyaya kuma ta soma bushewa daga arewa. A daidai wannan lokaci ne farar da ta bi ruwa ta yi arewa tun farkon damina take juyowa kudu, tana tafiyar dare a kan iska, tana neman ɗanyen abu. Gonakin Tanut da Gangara da Olelewa, da na kwarin Tarka a Belbeji, su ne kusan na ƙarshe kafin a shiga ƙasar kiwo zalla, saboda haka su take fara tararwa.

Wannan ba farar ɗango ba ce, mai tasowa daga Ayar da Tamasna ta rufe rana. Ƙarama ce, mai launin ƙasa ko kore, masana na kiranta Oedaleus senegalensis, kuma 'yar gida ce. Tana binne ƙwanta cikin yashi a ƙarshen damina, ƙwan ya yi wata bakwai ko takwas yana jiran ruwan fari, sannan ta yi zuriya har uku kafin kaka. Ƙananan da suka fara ƙyanƙyashewa su cinye shuka tun tana ganye biyu, manyan da suka dawo daga arewa su gwaguye kan hatsi. A ƙasar da ta ciyar da Ayar da hatsi shekaru aru-aru, inda ayarin Buzaye ke sauke gishiri da dabino su ɗauki gero, kuma ruwan shekara sau da yawa ba ya kai milimita 300, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Sai dai fara ba ta zuwa ita kaɗai. Shamuwa na biye da ita, garke guda, suna takawa a jere cikin ciyawa suna tsinta. Balbela na bin sawun shanu tana cafke wadda kofato ya tayar. Shirwa da hankaka da tsanwaka da cilakowa kowa na kwasar rabonsa, da dare kuma bushiya da yanyawa su karɓi aiki. Duk wanda ya ga wannan biki zai ce Allah ya haɗa cuta da magani. Amma bikin na 'yan makonni ne. Sauran watannin shekara, waɗannan maciya fara da me suke rayuwa? Amsar wannan tambaya ita ce ke yanke yawan waɗanda za su hallara ranar da manomi ke bukatarsu.

Shamuwa ta isa misali. Tana isowa gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a kan itatuwan tsakiyar gari, ba mai taɓa ta, domin kowa ya san albishir ta kawo. 'Ya'yanta na ƙyanƙyashewa ne a lokacin da fara ba ta girma ba, ba ta kuma yi yawa ba. Masu bincike daga ƙasar Danmak da suka bi shamuwar Nijar a farkon shekarun 2000 sun duba abin da iyaye ke kai wa 'ya'ya a sheƙa, suka tarar ba fara kaɗai ba ce: akwai kwaɗi, da ƙadangaru, da ƙwari iri-iri. Sai bayan 'ya'yan sun tashi ne shamuwa ke haɗuwa manyan garkuna ta koma bin fara. Wasu da aka ɗaura wa na'urar bibiya ta tauraron ɗan Adam sun nuna inda tafiyar ke ƙarewa: gabashi da kudancin Afirka, inda suke cin fara da tsutsar gona ta can har lokacin dawowa. Ke nan shamuwar da ke tsince fara a gonar Gangara cikin Satumba, kwaɗin tafkin Yuli ne suka raine ta, ƙwarin wata ƙasa mai nisa kuma suka riƙe ta da rani. Tafki ya ƙafe da wuri, ko guba ta kwarara cikinsa, 'ya'yan da za su tashi a shekarar su ragu, alhali ba wanda ya ɗaga wa shamuwa hannu.

Masana halittu sun daɗe suna juya wannan batu na abincin madadi. A 1959 wani masani a Kanada, C. S. Holling, ya nuna cewa abin da mafarauci ɗaya zai iya ci yana da iyaka: komai yawan abin farauta, kamawa da haɗiyewa da narkarwa na cin lokaci, ciki kuma na cika. A 1969 William Murdoch ya bayyana yadda mafarauci mai cin abu da yawa ke karkata ga wanda ya fi yawa a gabansa, ya ƙyale wanda ya yi ƙaranci. A 1977 kuma Robert Holt ya fito da abin da ya fi ba da mamaki: halittu biyu da ba sa cin abinci ɗaya, ba sa ma haɗuwa, suna iya cutar da juna ta hanyar mafaraucin da ke cinsu duka, domin yawan ɗaya na ƙara yawan mafaraucin, shi kuma ya faɗa wa ɗayar.

Daga nan ake gane cewa abincin madadi fuska biyu gare shi, kuma lokaci ne ke bambanta su. A cikin yini ɗaya ko mako ɗaya, yana ɗauke hankalin mafarauci. Daren da shinge ya tashi bayan ruwa, tsuntsaye da kwaɗi da ƙadangaru duk a kansa za su ƙoshi, 'ya'yan fara su samu sararawa. Amma a tsawon damina ko shekara, wannan ƙoshin ne ke sa mafarauta su zauna a wurin, su hayayyafa, su yi yawa, har ranar da abincin madadi zai janye su juya kan fara da yawan da ba za su taɓa kaiwa ba in da fara kaɗai suka dogara da ita. Mai gadin rumbu, ko ɓarawo ya zo ko bai zo ba, sai ya ci tuwo kullum.

An ga ƙarfin wannan a tsibiran da ke gaɓar Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1990. Aladun da mutane suka kai suka koma na daji, 'ya'yansu suka zama abincin wata babbar gaggafa da a da ba ta zama a tsibiran. Gaggafar ta samu wurin zama, ta riƙa haɗawa da wata 'yar ƙaramar yanyawa da babu irinta a ko'ina, har ta kusa ƙarar da ita. Alade bai taɓa cizon yanyawa ba, amma shi ya jawo mata. A gonakin shinkafar tsibirin Jawa na Indunusiya kuwa, binciken da aka wallafa a 1996 ya nuna ɗaya fuskar: ƙananan ƙwarin da ke cin ruɓaɓɓen ganye a farkon noma su ne ke ciyar da gizo-gizo da sauran mafarauta, har su yi ƙarfi kafin masu ɓarna su iso. Wanda ya yi feshi da wuri, masu tsaron gonarsa ya kashe.

Idan shamuwa ta tafi, wasu baƙin ke maye gurbinta. Akwai wani shaho siriri mai dogayen fukafukai, namijinsa ruwan toka, da ke hayayyafa a gonakin alkama na Turai ya zo Sahel cin rani. Yana tashi ƙasa-ƙasa, yana lilo a kan ciyawa, kansa a sunkuye. Masu bincike daga Holan sun bi shi da na'ura, sun kuma zo Nijar a 2006 da 2007 sun tattara aman da yake fitarwa na abin da bai narke ba. Galibin abin da ke ciki fara ce, amma ba mai cin hatsi ba, domin ita da rani tana ƙwai a ƙarƙashin yashi. Manyan fara ne masu ƙetare rani da ransu cikin sabara da kalgo, waɗanda ba su cika damun manomi ba. Inda su ma suka yi ƙaranci, sai ya haɗa da ƙananan tsuntsaye da kusu. Binciken ya nuna yana sauka ne da fari a arewacin Sahel wajen ƙarshen damina, sannan ya riƙa gusawa kudu zango-zango yayin da ƙasa ke bushewa. Wato isowarsa yankuna irin Damargu na dacewa da lokacin da farar hatsi ke zuba ƙwan baɗi. Abin da zai sa ya daɗe ko ya wuce shi ne ko akwai saura da kurmin sabara da za su riƙe masa abinci. Gonar da aka share ƙal, ba kututture ba tsiro, ba ta da abin da za ta ba shi. A nan sassaben zamani, wato barin tsiron itatuwa a gona ana yi musu aski, wanda ya mayar da miliyoyin eka kore a jihohin Maraɗi da Damagaram tun tsakiyar shekarun 1980, yake da wata riba da ba a cika lissafawa ba.

Ba kowane maƙiyin fara ne masoyin manomi ba, kuma wannan na cikin abin da ke sa lamarin wuyar sha'ani. Hangara, ƙwaron nan da ruwan jikinsa ke tayar da bororo a fata, tsutsarsa a cikin ƙasa take, tana neman kwanson ƙwan fara tana cinyewa. Aiki ne babba da ba mai gani. Amma idan ta girma ta yi fiffike, furen hatsi da na wake take ci. Shi ya sa shekarar da ta biyo bayan fara mai yawa takan zo da hangara mai yawa. Haka ƙananan tsuntsayen da yara ke wuni suna kora daga kan hatsi: lokacin da suke da 'ya'ya a sheƙa, ƙwari suke kai musu, har da 'ya'yan fara. Jan baki ma ya fi son irin ciyawar daji. Inda ya wadata, gona kan samu sauƙi.

Wurin da aka fi cin moriyar wannan ilimi da gangan a Nijar shi ne yaƙi da murzuna, tsutsar da ke sassaƙa kan hatsi tana barin tabo mai kama da murɗaɗɗiyar hanya. Ta zama annoba ne bayan farin farkon shekarun 1970. Zuriya ɗaya take yi a shekara: uwar ta zuba ƙwai a kan da ya fito, tsutsar ta yi 'yan makonni tana ci, ta sauka ta shige ƙasa sai wata damina. Tana da maƙiyi, wani ɗan mitsitsin zanzaro da bai wuce milimita 3 ba, mai suna Habrobracon hebetor. Macen na harbin tsutsar ta sandare, ta zuba ƙwai a jikinta, 'ya'yan su tsotse ta. Matsalar ita ce zanzaron ba ya iya kwanciya wata goma yana jira. Da rani sai ya koma kan tsutsotsin da ke cin hatsin ajiya a rumbuna, kaɗan ne ke kai labari, kuma kafin su sake yawa a gona murzuna ta gama ɓarnarta.

Masana na cibiyar binciken noma ta INRAN a Maraɗi, cikinsu har da Ibrahim Baoua, tare da takwarorinsu na Burkina Faso da Mali, sun kama bakin zaren daga nan. Tun daga 2006 suka riƙa kiwon zanzaron a kan tsutsar hatsin ajiya, wadda ke da sauƙin renon a ɗaki. Ana ɗinka 'yar jakar algarara, a zuba hatsi da gari, a sa tsutsa 25 da matan zanzaro biyu da suka riga suka haɗu da namiji, a ɗaure baki. A kai jaka 15 ƙauye a rarraba a gonaki ta kusurwoyi huɗu, a rataye a inuwa lokacin da hatsi ke fid da kai. Bayan kamar mako guda sabbin zanzaro su fara fitowa ta ramukan saƙar, tsutsar kuwa ba ta iya fita. Su bazu cikin gonaki su tarar da murzuna tana ƙarama. Ba a kawo wani baƙon ƙwaro daga waje ba. An ciyar da na gida ne a watannin da yake rasa abinci, aka kuma gaggauta isowarsa. Dabara ce da ta cancanci a ba ta kuɗi da muhimmanci fiye da yadda ake ba ta, musamman a arewa, inda doguwar rani da tazarar ƙauyuka ke ƙara wa zanzaron wahalar ƙetarawa da kansa.

Makiyayin Belbeji ko na Tenhiya ya san wannan lissafi ta wata fuskar, ko da bai kira shi da suna ba. Dila ba ya zaɓen abinci: kusu, zomo, ƙwan tsuntsu, fara, magarya, mushe, duk nasa ne. Ƙasar da a ƙarni na 19 take fitar da gashin jimina zuwa Tarabulus, yau jimina ta ɓace daga cikinta, barewa da tuje sun yi ƙaranci ƙwarai. Shekarar fari mushen dabbobi ya ƙosar da dila, ya ƙetare lafiya. Shekarar da ta biyo, mushe ya ƙare, naman daji babu, sai 'yan awaki da 'yan tumaki. Haushin makiyayi a nan gaskiya ne, asararsa kuma ta gaske ce. Amma maganin da aka daɗe ana yi a Sahel, wato sa guba a mushe, ba ya tambayar wanda ya ci. Yanyawa na ci, ungulu na ci, hankaka na ci. Binciken da aka yi a yankin Tarmit, gabas da Damargu, ya nuna cewa abincin yanyawa mai farin gashi ta wurin galibinsa ƙwari ne, tana haɗawa da kusu. Ba ruwanta da garke. Kusun daji kuwa shi ne mai bin layin shuka da dare yana tone irin da aka binne, har manomi ya yi shuka biyu ko uku. Wani masanin tsuntsaye Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya ƙirga tsuntsaye masu farauta a kan hanyoyin Nijar da Mali da Burkina Faso tsakanin 1969 da 1973, ya sake bin hanyoyin a 2003 da 2004. A wajen gandun daji, manyan ungulaye sun ragu da kashi 98 cikin ɗari, manyan gaggafa kuma da kusan kashi 90.

Tarihin annoba a Sahel na da wani tsari da ya dace da wannan. Fara ta yi ambaliya a 1974 da kuma 1985 zuwa 1986, kusu ya yi tasa a 1975 zuwa 1976 da 1986 zuwa 1987, duka bayan ruwa ya dawo a ƙarshen babban fari. Masana da dama na ganin cewa fari na karya mai ɓarna da mai cinsa gaba ɗaya, amma mai ɓarna ya fi saurin tashi. Fara na zuriya uku a damina ɗaya, kusu na haihuwa bi da bi, shamuwa kuwa 'ya'ya biyu ko uku take fitarwa a shekara. Mafaraucin da ya samu wani abin taɓawa a lokacin fari shi ne kawai ke nan a tsaye sa'ad da ruwa ya dawo.

Kada a ɗora wa tsuntsu abin da ya fi ƙarfinsa. A 2004, da farar ɗango ta sauko wa Sahel ta haɗu da ƙarancin ruwa, abin da ya kai Nijar ga yunwar 2005, duk shamuwar duniya ba za ta tare ta ba. Gungu ɗaya mai faɗin murabba'in kilomita guda na iya ɗaukar fara miliyan 40 ko fiye. Kowane maciyi zai ƙoshi ya koma gefe, iyakar nan da Holling ya bayyana. Tsakanin 2003 da 2005 sai da aka yi feshi a fili mai faɗin kusan hekta miliyan 13 a ƙasashen da abin ya shafa. Amfanin mafarauta yana can baya, a shekarun da fara ba ta da yawa, inda suke rage ta tun tana tsiraru, su jinkirta ranar da za ta fi ƙarfin kowa.

Saboda haka irin maganin da aka fesa yana da muhimmanci ƙwarai. A ƙarshen shekarun 1980 an tsinci wata matacciyar fara a kusa da Yamai da wata irin koriyar fumfuna ta kashe. Daga ita wani shirin bincike mai suna LUBILOSA ya samar da maganin da aka sa wa suna Green Muscle. An gwada shi a Maine Sorowa a shekarun 1990, a filaye masu hekta 800, kafaɗa da kafaɗa da gubar fenitrothion. Gubar ta kashe sama da kashi 90 cikin ɗari nan take, amma cikin kwana 16 wata farar ta shigo daga gefe ta cike gurbin. Fumfunar ta yi nawa, sai bayan mako aka fara ganin aikinta, amma a kwana 16 ta rage fara da sama da kashi 90, kuma ba ta yi wa sauran ƙwarin ƙasa illar da gubar ta yi musu ba. A wani gwajin da aka yi kan farar ɗango a yankin Arlit a 2005, tsuntsaye masu farauta sun ƙaru a filin bayan feshin, suna kwasar farar da ciwo ya kasalar. Feshi da tsuntsu suka yi aiki tare, maimakon ɗaya ya kori ɗaya.

Akwai kuma maciyin fara mai ƙafa biyu. Da sanyin asuba, lokacin da raɓa da ɗari suka daskarar da ita, mata da yara na fita da buhu da tocila su kamo, a tafasa, a shanya, a soya da yaji, a kai kasuwar Damagaram, wata ma ta ƙetara Najeriya. Ga gidan da hatsinsa bai kai ba, kuɗin fara na sayen tiya. Filin da aka yi wa feshin guba, farar cikinsa haɗari ce ga mai ci, mutum ne ko shamuwa.

Wahalar fumfunar ita ce jinkirinta. Manomin Olelewa da ke tsaye yana kallon fara a kan hatsinsa a ƙarshen Satumba ba zai iya jiran mako biyu ba, kuma ba adalci ba ne a ce ya jira. Wurin aikinta shi ne Yuli da Agusta, a saura da makiyayar da ke arewa da gonaki, kan 'ya'yan fara da ba su yi fiffike ba. Wannan na bukatar a san inda ƙwai ya kwana tun da rani, a samu ma'aikatan kare tsirrai da manoman da aka horar a ƙauyuka suna zagayawa bayan ruwan fari, da man babur a tanki da maganin a ajiye a Tanut da Belbeji kafin damina ta faɗi.